Tambayi Kanike: Na Taka Birki a Hawan Kibo, Ƙafata Ta Tafi Har Ƙasa

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk akan birki ne da lodi, ban yi mamaki ba tunda kaka ta yi, kowa so yake ya kai buhunsa gida ko kasuwa a sawu ɗaya. Na zaɓo guda shida, waɗanda basu ga nasu ba su yi haƙuri, da yawa amsarsu tana cikin waɗannan.

Tambaya daga wani mai karatu a Kano:

Salam Oga barka da aiki. Dan Allah inada tambaya, satin da ya wuce na taso daga Jos zani Abuja da Corolla ɗina otomatik, mu biyar ne ga buhun dankali biyu a but, muna cikin gangaren Hawan Kibo na ɗora ƙafa a birki ina ta rage gudu a hankali, can sai naji wani wari kamar ana ƙona roba, da na ƙara takawa kawai ƙafata ta tafi har ƙasa motar kuma bata tsaya ba, Allah ne Ya kiyaye na samu na gangara gefe da birkin hannu. Abin mamaki bayan mun zauna kamar minti 40 birkin ya dawo garau. Kanikena yace ba komai iska ce ta shiga, wani kuma yace wai wajen ne yake da iskokai. Menene gaskiyar magana?

Amsa:

Wa alaikumus salam, barka da arziki ɗan uwa, Allah Ya ƙara tsarewa. Maganar iskokai mu ajiye ta gefe, mutanen ɓoye basu taɓa maka mota ba, kai ka dafa man birkinka da ƙafarka. Kuma ba faɗa nake maka ba, kusan duk wanda ya koyi tuƙi a shimfiɗaɗɗen gari irin Kano ko Maiduguri haka yake yi ranar da ya fara haɗuwa da gangara ta gaske.

Kaga shi birki aikinsa ɗaya ne, ya mayar da gudu ya koma zafi. Fad, wato ɗan takalmin birkin da ke cinyewa, ya matse faifan ƙarfen nan da ke juyawa tare da taya, gogayyar ta haifar da zafi, iska ta kwashe zafin. A cikin gari taka-saki ake yi, faifan yana samun ya huce tsakanin danja da danja. To kai kuma ka taso daga Jos da take sama da mita 1,200 daga matakin teku, kana saukowa daga kan dutse da mutum biyar da buhu biyu, ka ɗora ƙafa ka ƙi ɗagawa na tsawon mintuna, zafin ina zai je? Sai ya bi ta fad ya shiga ƙarfen da ke riƙe da shi, daga nan ya isa ga man birki.

Man birki sabo yana da juriya sosai, nau'in da ake kira DOT 3 sai ya kai aƙalla digiri 205 kafin ya tafasa, DOT 4 kuma 230. Matsalarsa ɗaya, yana zuƙar laima daga iska a hankali a hankali ko motar a ajiye take. In ya sha ruwan da bai ma kai kashi 4 cikin 100 ba, lissafin ya sauko zuwa wajen 140 da 155. Shi yasa ake cewa a canza shi duk bayan shekara 2, ni kuma zan iya rantsuwa tunda motarka ta shigo ƙasar nan ba a taɓa zubar da shi an sa sabo ba, ƙari kawai ake yi. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututu, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ka taka ka matse tururi kawai, fad bai san ma ka taka ba. Da kuka zauna minti 40 ya huce, tururin ya koma ruwa, birki ya dawo. Don haka kanikenka ya taɓo gefen gaskiya da yace iska ce, inda ya kauce shine "ba komai". Akwai komai. Man da ya tafasa sau ɗaya ya nuna maka ya gama aiki, gobe ko zafin bai kai wannan ba, yana iya sake yi maka. A zubar da shi duka ta tayoyi huɗu a sa sabo, a kwance fad a duba, in fuskarsa ta yi sheƙi kamar gilashi ya ƙone shima a canza.

Akwai kuma ɗaya nau'in da ya kamata ka sani, wanda fedal ɗin yana nan da tauri amma ka taka da duk ƙarfinka motar tana tafiya abinta. Wannan fad ne ya yi zafi ya daina kamawa. Warin nan da ka ji shine sallamarsa, a lokacin ya kamata ka nemi gefe ka tsaya tun birkin da sauransa.

Yadda ake sauka kuwa, tsofaffin direbobin manyan motoci sun daɗe da gama magana, giyar da zaka hau tudu da ita da ita zaka sauko. Tun kafin gangarar ta fara ka rage gudu ka sa giya ta biyu ko ta uku, in otomatik ce ka duba kusa da D zaka ga 2 da L, ba ado aka sa su ba. Injin zai yi ta kuka, bar shi ya yi, shi yake riƙe maka motar. In gudu ya ƙaru ka taka da ɗan ƙarfi ka rage, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya ya sha iska, ka sake. Kuma in ka tsaya birki na hayaƙi kar ka kwara masa ruwan leda, faifan zai iya lanƙwashewa ko ya tsage, sa motar a giya ko P ka nemi dutse ka yi mata weji ku zauna ku jira.

Birkin hannun da ka ja ka yi daidai, amma ga masu karatu, a hankali ake jansa yatsa na danne da maɓallin, in ka fizge shi da gudu tayoyin baya su daskare motar ta juya da kai. Kafin shi ka yi ta famfa fedal da sauri, sau da yawa yana ɗan dawowa, kana sauke giya ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya daga wani mai tasi a Gombe:

Oga ni tunda mai ya yi tsada in na zo gangara sai in sa mota a firi, wani lokacin ma in kashe injin gaba ɗaya har sai na sauka. Abokina yace haɗari ne, ni kuma shekara biyu ina yi ba abinda ya faru.

Amsa:

Ƙanina abokinka ya fi ka gaskiya. Na sani tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa dabara yake nema, amma wannan dabarar ko ribar ma babu. Motocin da ba na kafireta ba, in kana gangara a giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutar motar da kanta take yanke mai ko ta rage shi ƙwarai, tayoyi ne ke juya injin. In ka sa firi kuwa dole ta ci gaba da ba injin mai don kar ya mutu. Kaga ka sha mai, ka kuma bar wa birki duk nauyin shi kaɗai, koma ka karanta amsar da na ba mutumin Hawan Kibo.

Kashe injin kuma ya fi muni. Buɗe bonet ka duba bayan robar man birki, akwai wata baƙar tukunya mai faɗi, ita ke ninka ƙarfin ƙafarka kuma da zuƙar injin take aiki. Injin na mutuwa taku biyu ko uku ya rage maka, daga nan fedal ya zama dutse. Gwada a tsaye a gida, kashe mota ka taka sau huɗu ka ji. Sitiyari shima ya yi nauyi, in kuma hannu ya kuskure ka murɗa makulli har ƙarshe sitiyarin ya kulle kana tsakiyar kwana. Shekara biyun nan Allah ne Ya rufa asiri, da fasinja a bayanka kuwa.

Tambaya daga wani direban Sharon mai jigilar Funtuwa zuwa Zariya:

Ranka ya daɗe, ni motata na sa an canza mata sifirin na baya an sa mai ƙarfi har da roba a tsakani, yanzu ko na ɗauki mutum goma da buhun masara uku bata zama ƙasa. Amma kullum jami'an kiyaye haɗurra sai sun tare ni wai obalodi. Tunda motar ta ɗauka bata koka ba ina laifina? Kuma in ban yi haka ba wallahi balas ma bazai fita ba.

Amsa:

Malam direba sannu da ƙoƙari. Maganar balas na yarda da kai ɗari bisa ɗari, na san kuɗin tasha, na san na kamasho, na san mai mota baya jin uzuri da yamma. Amma tambayarka akan mota ce, to bari in gaya maka abinda motar bata iya faɗa.

Sifirin da ka canza abu ɗaya ya gyara, ya hana ta zama ƙasa, wato ya ɓoye wa ido nauyin. Birkin na nan yadda kamfani ya yi shi don mutum bakwai da 'yan jakunkunansu. Taya na nan, bodin na nan, borin ɗin taya na nan. Kamar jaki ne ka ɗaure masa sanda a baya don kar ya lanƙwashe, ƙafafun ai nasa ne.

Kuma ba sai an yi gardama ba, kowace mota da nata lissafin a rubuce a jikinta. Motocin Turai irin taka akwai wani ɗan faranti ko takarda, ko a ginshiƙin ƙofa ko a cikin bonet, da lambobi huɗu a jere kowanne da kg a gabansa. Na farko shine iyakar nauyin motar da duk abinda ke cikinta, na biyu in tana jan tirela, na uku abinda tayoyin gaba zasu ɗauka, na huɗu na baya. Wanda ya fi damuna a motarka shine na huɗun, don kusan duk lodinku a baya yake taruwa. Motocin da aka shigo da su daga Amurka ma sun fi sauƙi, ka buɗe ƙofar direba zaka ga takarda ta faɗi kai tsaye mutane da kaya kar su wuce kilo kaza. A ƙananan motoci irin su Corolla abin yana kewayen kilo 400 ne, kuma har da direba a ciki. Yi lissafi, manya biyar kowa kilo 70 an tashi 350, abinda ya rage buhun shinkafa ɗaya ne na kilo 50. Shikenan fa. Kai kuma mutum goma da kai na sha ɗaya kun haura kilo 750, ga masara buhu uku kilo 300, an wuce tan guda kenan a motar gida.

Sai taya. Duƙa ka karanta gefen tayarka, bayan lambar girma kamar 195/65 R15 zaka ga wata lamba da harafi, misali 91H. Wannan 91 ɗin tana nufin tayar kilo 615 take ɗauka in iskarta ta cika, 88 kilo 560, 95 kilo 690. Da yawanku in taya ta mutu sai a je a ɗauko 'yar Kwatano wadda girmanta ya yi daidai kawai, ba mai duba wannan lambar, alhali tayar ƙaramar mota ce. Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, in ka ga 2317 an yi ta ne a sati na 23 na shekarar 2017, tsohuwa ce ko da zanenta bai cinye ba. Tsohuwar taya, lodi ya wuce kima, kwalta ta ɗau zafin azahar, shine zaka ji ance tayar baya ta fashe mota ta yi ta ƙundunbala.

Ga abinda kai da kanka ka sani ko baka faɗa ba. In ka cika baya gaban motar ɗagawa yake yi, sitiyari ya yi sakayau a hannu, fitilarka da dare ta koma haska idon mai tahowa maimakon titi. To birkin gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa, ka rage masa kamun ƙasa ka kuma ƙara masa nauyin da zai tsayar. Takun farko zai iya kamawa ka ce kaga lafiya lau, na uku da na huɗu a jere ne ake gane bambanci, lokacin da ramuka suka jeru ko shanu suka ɓullo. Kayan da ake ɗaurawa a saman rufi kuma su ke kayar da mota a kwana, yawancin rufin motoci kilo 50 zuwa 100 aka yi su ɗauka.

Na taɓa kwance wata mota irin taka a garejinmu da aka jawo bayan ta daki bayan tirela, na tarar bututun birkin baya an naɗe bakinsa an dake da guduma, wai yoyo yake yi aka toshe kafin a samu kuɗi. Watanni tana yawo da birkin gaba kaɗai, cike da mutane. Direban ma bai sani ba, haka ya karɓe ta.

In dole sai ka yi lodi, tunda na san gobe ma zaka fita, to aƙalla ka bar masarar ko ka rage mutane, ɗaya daga ciki. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa kuma kusa da tsakiyar mota, ka cika iskar taya zuwa adadin da aka rubuta na cikakken lodi tun da safe kafin ta yi zafi, sannan ka rage gudu, don gudu ya fi nauyi sharri, in ka ninka gudu sau biyu nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkuwa. A kilomita 100 cikin awa, duk daƙiƙa ɗaya ka ci kusan mita 28 kafin ma ƙafarka ta isa birki. Dokar hanya ta ba motocin haya 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen titi. Su kuma jami'an da kake kuka da su, tun 1988 aka kafa hukumarsu, akwai abubuwan da ni ma nake da ƙorafi a kai, amma a wannan maganar su ke da gaskiya.

Tambaya daga wata ma'aikaciya a Kaduna:

Salam Baba kanike. Ni ban daɗe da fara tuƙi ba, motata otomatik ce, amma duk bayan wata uku sai ance min fad ya ƙare. Yanzu ma ƙara yake min ƙiiii in na taka. Anya ba cuta ta ake yi ba?

Amsa:

Hajiya sannu. Wata uku ya yi kaɗan ƙwarai, fad mai kyau ko a cunkoson gari ya kamata ya kai ki kilomita dubu 30 ko fiye. Kafin mu zargi kanike bari in tambaye ki, da ƙafa nawa kike tuƙi? In amsar biyu ce, dama a totur hagu a birki, to mun kama ɓarawon. Ƙafar hagun da kike ganin kin ɗan ajiye ta ne kawai, tana matse fad duk tsawon tafiya, ga fitilar birkinki a kunne na bayanki bai san yaushe zaki tsaya da gaske ba. A otomatik ƙafar hagu hutu take yi.

In ba haka ba ne to ko fad ɗin jabu ake sa miki, don kasuwa cike take da su a kwali mai kyau, ko kuma ƙarfen da ke matse fad ɗin ya cije baya saki. Gane wannan ba wuya, bayan kin yi tafiya ki kara hannu kusa da kowace taya ba tare da kin taɓa ba, wadda ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba ita ce. Wata alamar kuma motar ta riƙa ja gefe ɗaya in kin taka.

Ƙarar kuma iri-iri ce. In da safe ne kawai bayan ruwan sama ko lokacin ƙurar hunturu, ta ɓace bayan taku kaɗan, ba komai. In siririya ce kullum, akwai ɗan ƙarfen da aka sa da gangan ya yi kuka in fad ya kusa ƙarewa. In ta koma gurrr kamar ana niƙa, ƙarfe ke cin ƙarfe, faifan ma zai tafi kuɗi ya ninku. Ki ce a nuna miki tsohon fad da idonki, sabo kaurinsa wajen milimita 10 zuwa 12 ne, in ya sauko 3 a canza, kuma dama da hagu tare ake canzawa. Ranar da aka canza kar ki tada mota ki fita sai kin taka fedal sau da yawa ya yi tauri, na ga wanda ya fita daga gareji da ribas ya shige shagon mai shayi saboda wannan.

Tambaya daga Maraɗi:

Ina wuni Malam. Na taka birki da ƙarfi a kan yashi sai naji fedal na rawa yana bugun ƙafata, na tsorata na saki. Lalacewa ya yi?

Amsa:

Lafiya lau yake, ABS ne ke aikinsa, yana kamawa yana saki da sauri don kar taya ta daskare ka rasa sitiyari. In ka ji haka ƙara dannawa zaka yi ka riƙe, ka juya sitiyari ka kauce wa abin. Sai dai ka sani a kan yashi ko tsakuwa motar kan ɗan ƙara nisa kafin ta tsaya, don haka ka bar tazara. Abinda zaka duba shine in ka murɗa makulli fitilar ABS ta kama sannan ta mutu. In bata kamawa sam, wataƙila wani ya cire ƙwan ne kafin ya sayar maka.

Tambaya daga wani ɗalibi a Sakkwato:

Oga man birkina yana raguwa, ranar nan a hanya ya yi ƙasa sosai wani yace in zuba ruwan omo zai kai ni gida. Da gaske ne?

Amsa:

Kar ka soma. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma zai bar maka tsatsa a ciki. Baƙin mai da man giya su ma haka, kumbura robobin ciki suke yi sai an canza su duka. Duba murfin robar, an rubuta irin man da motarka ke sha, DOT 3 ko DOT 4, ka sayi ƙaramar kwalba da ba a buɗe ba ka ajiye a mota, in ka buɗe ta ta daɗe kuma ka yar. DOT 5 daban yake, baya haɗuwa da waɗancan.

Amma shi man birki ba ƙonewa yake kamar baƙin mai ba. In ya ɗan sauka a hankali cikin watanni, fad ne ke cinyewa, a duba fad. In kuwa cikin sati kake ƙari to yoyo ne, ka ajiye motar a waje mai tsabta ta kwana, da safe ka leƙa bayan kowace taya da ƙarƙashin fedal ta ciki, inda ka ga laima nan ne. Ka kira kanike ya zo ya same ta a gida, kar ka tuƙa ta zuwa wajensa.